Fedar da Ba Ta Hutawa: Yadda Keke Mai Giya Ɗaya Ya Rabu Gida Biyu

Idan aka jingine kekuna biyu a bango, kowanne da sarƙa ɗaya da giya ɗaya, mai kallo zai ce jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Sai an hau ake gane bambanci. A kan na farko, mahayi na iya tsayar da ƙafafunsa keke ya ci gaba da gudu. A kan na biyu kuwa, muddin tayar baya na juyawa, feda ma juyawa take, kuma wanda ya yi gardama da ita sai ta cilla shi daga sirdi. Na farkon shi ne keke mai giya ɗaya da firiwil, na biyun kuma mai kafaffen giya.

Kafaffen giya shi ne yaya. Kekunan shekarun 1870 masu doguwar tayar gaba, fedarsu a jikin tayar take. A 1885 John Kemp Starley ya ƙera keken Rover a birnin Coventry na Ingila, wanda sarƙa ke juya tayarsa ta baya, amma ƙaramin farantin haƙoran nan na baya a ɗaure yake tam da taya. Saboda haka ake maƙala wa kekunan zamanin matakai a gaba, domin idan an zo gangara mahayi ya ɗage ƙafafunsa ya bar feda tana ta wulwulawa ita kaɗai.

Firiwil ne ya kawo sauƙi. A cikinsa akwai wasu 'yan harsunan ƙarfe da ke kama haƙora idan an taka feda, su kuma zame a kansu idan an daina takawa. Wannan zamewar ce ke ba da ƙarar ƙas-ƙas da ake ji a gangara. Ya bazu a ƙarshen shekarun 1890, sannan a 1903 Ernst Sachs na Jamus ya fito da cibiyar taya mai suna Torpedo, wadda ta haɗa firiwil da birkin da ake kamawa ta hanyar mayar da feda baya. Sai dai sauƙin ya zo da sharaɗi: tunda ƙafa ba ta iya riƙe taya kuma, birki mai kyau ya zama dole.

Duk da haka kafaffen giya bai mutu ba. Ya samu mafaka a filayen tseren keke masu zagaye, inda har yau ake tsere ba firiwil ba birki, domin kama birki kwatsam cikin cunkoson 'yan tsere haɗari ne. Tseren keirin da Japan ta fara a 1948 a kan irinsa ake yi. Daga baya masu kai saƙonni a birnin New York suka rungume shi a shekarun 1980, saboda ba shi da nauyi kuma abin da zai lalace a jikinsa kaɗan ne. Daga hannunsu ya zama yayi a biranen duniya.

A nan ne bambancin ya wuce batun sha'awa. Dokar Birtaniya tana ɗaukar kafaffen giya a matsayin birkin baya, amma ta wajabta birkin gaba. A 2016 wani matashi a Landan ya buge wata mata da keken tsere marar birkin gaba, ta rasu, kotu kuma ta ɗaure shi wata 18 a shekarar 2017.

Shi kuwa ƙanen, mai firiwil, shi ya gaji duniyar aiki. Keken Raleigh da aka sani a ƙasar Hausa, wanda ke kai buhun hatsi kasuwa da malami makaranta, irinsa ne. Mai kaya a kariya yana bukatar ya huta a gangara, ya kuma daidaita feda kafin ya tsallake rami. Wannan 'yar damar, wadda kafaffen giya ba ya bayarwa, ita ta sa firiwil ya yi nasara a kan hanya.