Yadda Injin Walda Ya Fito Daga Masana'anta Ya Shiga Gida

Walda, wato haɗa ƙarafa biyu da zafi har su zama jiki ɗaya, ta girmi wutar lantarki nesa ba kusa ba, domin tun zamanin dā maƙera a ƙasar Hausa da sauran sassan duniya suna hura gawayi da zugazugi har bakin ƙarfe ya yi fari, sannan su ɗora ɗaya kan ɗaya bisa uwar maƙera su yi ta duka da masaba har su haɗe. Da wannan dabara aka harhaɗa ginshiƙin ƙarfen nan na birnin Delhi a Indiya wajen shekara ta 400 miladiyya, wanda tsawonsa ya haura mita 7. Sai dai hanyar tana da iyaka, domin dole a kai aiki wurin wuta, ba a iya kai wuta wurin aiki, shi ya sa har ƙarshen ƙarni na 19 gadoji da jiragen ruwa da ƙusoshi ake haɗa su, waɗanda ake sokawa da zafinsu a daka kawunansu.

Abin da ya sauya wannan shi ne harshen lantarki, wato hasken nan mai tsananin zafi da ke tashi idan lantarki ya tsallaka ɗan gibin da ke tsakanin sanda da ƙarfe. Humphry Davy a Ingila da Vasily Petrov a Rasha sun nuna shi a farkon ƙarni na 19, amma sai a 1885 Nikolai Benardos da Stanislaw Olszewski suka yi rajistar hanyar walda da sandar gawayi, kuma a 1888 Nikolai Slavyanov ya yi amfani da sandar ƙarfe wadda take narkewa ta cike mahaɗa da kanta.

Waldar farko ba ta da aminci, kuma dalilin haka shi ne ginshiƙin tarihin sana'ar baki ɗaya. Narkakken ƙarfe yana shan iskar oksijin da naitirojin daga sararin da ke kewaye da shi, idan ya huce sai a tarar da ƙananan ramuka a cikinsa, ya yi gautsi, ya karye da an ɗora masa nauyi. Oscar Kjellberg, injiniyan jiragen ruwa ɗan ƙasar Suwidin wanda ya kafa kamfanin ESAB a birnin Gothenburg a 1904, ya magance matsalar da wata dabara mai sauƙi, inda ya tsoma sandar ƙarfe a cikin kwaɓin ma'adinai ya bar shi ya bushe a jikinta, ya kuma nemi rajistar dabarar a 1907. Idan sandar ta kama wuta, wannan rufi yakan ƙone ya fitar da hayaƙin da ke kore iska, sauran kuma ya narke ya lulluɓe mahaɗar da ɓawo irin na kashin maƙera, wanda mai walda yake ɓamɓarewa da ƙaramar guduma bayan ya huce. Duk sandar walda da ake sayarwa a kwali yau jikar wannan dabara ce, kuma ya dace a ɗauki Kjellberg a matsayin wanda ya mai da walda abin dogaro, ko da yake wasu sun riga shi kunna wutar.

A gefe guda, Edmond Fouché da Charles Picard sun ƙera bakin wutar oksijin da asitilin a Faransa a 1903, wadda zafinta ke haura digiri 3,000, kuma ita ce waldar gas da masu gyaran jikin mota suke yi da kabaid har yanzu.

Yaƙe-yaƙe ne suka tabbatar da matsayin walda a manyan ayyuka, domin a 1920 aka kammala Fullagar a Ingila, jirgin ruwa mai ratsa teku na farko da aka haɗa gangar jikinsa da walda zalla, sannan tsakanin 1941 da 1945 Amurka ta ƙera jiragen dakon kaya 2,710 samfurin Liberty. Amma hanyar da ta kai walda hannun talaka daban ce. A 1929 Niels Miller ya ƙera ƙaramin inji a garin Appleton na jihar Wisconsin, wanda ke aiki da wutar lantarki ta gari, kuma da dokar kai lantarki karkara ta 1936 ta haskaka gonakin Amurka, manomi ya samu damar gyara garmarsa da kansa, daga nan kuma walda ta zama abin da mutum ke yi a garejinsa don sha'awa. Zuciyar irin wannan inji taransifoma ce kawai, mai rage ƙarfin turin lantarki ta ƙara yawan kwararsa, kuma sauƙin tsarinta ne ya sa masu sana'a a wurare irin su Panteka ta Kaduna suke naɗa tasu da hannu, da wayar jan ƙarfe ko alminiyam.

Sauran hanyoyin biyu da mai koyo ke cin karo da su amsoshi ne daban ga tsohuwar matsalar iska. A farkon shekarun 1940 Russell Meredith na kamfanin jiragen sama na Northrop ya fito da hanyar da ake kira TIG, inda sandar tangistin ba ta narkewa, iskar gas daga tukunya ce ke kare mahaɗa, kuma tana ba da aiki mai tsafta a kan alminiyam da siraran ƙarafa, sai dai tana bukatar hannu biyu da dogon horo. A 1948 cibiyar Battelle ta samar da hanyar MIG, wadda inji ke turo waya daga naɗi ba yankewa, ita ce mafi sauƙin koyo, amma iska mai kaɗawa tana kwashe gas ɗinta, don haka ba ta dace da aikin fili ba. Waldar sanda kuwa tana jure iska da ɗan tsatsa, kayanta sun fi araha, kuma sanda mai kaurin milimita 2.5, wadda masu walda ke kira geji 12, ta ishi ƙofa da taga da kujera.

Nauyin inji ya ragu ne bayan kamfanin Kemppi na ƙasar Finlan ya fito da injin inbata a 1977, wanda ke ƙara saurin juyawar lantarki sosai ta yadda ƙaramar taransifoma za ta yi aikin babba, har mutum ya rataya injin a kafaɗa. Kariyar ido mai aiki da kanta ce ta yi jinkiri, kuma wannan abin takaici ne, domin hasken walda yana ƙona saman ƙwayar ido, raɗaɗin kuma sai bayan sa'o'i yake tashi, ya hana barci kamar an zuba yashi. Sai a 1981 aka fara sayar da hular Speedglas a Suwidin, mai gilashin da ke duhunta da kansa da zarar wuta ta tashi, amma har yau ana ganin yara masu koyo a bakin titi suna aiki da baƙin tabarau na kasuwa, wanda ba ya tare wannan haske yadda ya kamata, ba ya kuma rufe fuska da wuya daga tartsatsi.