Lakwal biyu, ƙasa ɗaya: daga siminti zuwa zana a Imanan

Ƴan uwa ɗalibai, in muka haɗu a kwaleji, mukan yi wa juna ba'a da makarantar da kowa ya fito. Na Bonkuku ya ce tasu ta fi, na ƙauye ya yi shiru. Ni kuwa ina ganin kafin a auna kan yara, sai a auna tarihin makarantunsu.

A zamanin Faransa, boko inda kwamanda yake nan take zama. Filinge ce mazaunin mulki a wannan yanki, saboda haka ita ta riga kowa. Daga nan sai garuruwan sarakuna, irin su Bonkuku, babban garin Imanan. Ƙauyukan Dallol Boso da tuddan Kurfai sai jira. Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, ko yaro 5 cikin 100 ba su shiga aji ba.

Babban canji ya zo da dokar ilimi ta 1998, sannan shirin shekara goma da aka fara a 2003. Makarantu suka bazu ƙauye-ƙauye, wannan kam abin godiya ne. Amma da me suka zo? Da malaman kwantaragi masu ɗan albashi, da azuzuwan zana.

To, ku jera su mu gani. Tsohuwar lakwal ta gari tana da gini, da tebur, da aji shida daga CI har CM2. Ana buɗewa a Oktoba, sai karatu. Ta ƙauye fa? Sai an gama girbin hatsi, iyaye su samu kara, sannan a kafa rumfa. Ruwan farko na sauka, rumfa ta tafi. Wani wurin mushe ɗaya ne ke riƙe da aji biyu. Shekara ɗaya a takarda, amma wannan ya yi wata tara, wancan bai kai ba. Kuma zana ba ƙaramin haɗari ba ce: a 2021 gobara ta hallaka yara a irin waɗannan azuzuwa a Yamai da Maraɗi.

Ga kuma maganar harshe. A gida muna jin Zabarmanci, ko Hausa, ko Buzanci, a allo kuwa Faransanci. Yaron gari yana da yaya ko kawu da ya yi boko, mai duba masa kaye da dare. Na ƙauye sau da yawa shi ne na farko a gidansu.

Don haka wanda ya fito daga rumfa ya iso kwaleji, wallahi ba abin dariya ba ne, tafiyarsa ta fi tamu nisa. A zaɓen 2004 ne Imanan ta samu majalisar kwamin. In mun koma hutu, mu tambayi hukumar kwamin: aji nawa ne har yanzu na zana, kuma wane ƙauye ke kan layin gini bana?