TASHAR DA JARUMAI KE SAUKA A BOMBAY

Duk mai kallon finafinan Indiya ya san wannan wurin, ko da bai san sunan sa ba. Jarumi ya baro ƙauye da 'yar akwatin sa ta ƙarfe, jirgin ƙasa ya ajiye shi cikin cincirindon jama'a, ya fito ya ɗaga kai ya ga wani tafkeken gini mai ƙubba kamar fadar sarki. To, mai karatu, wannan ita ce babbar tashar jirgin ƙasa ta Bombay, birnin da a yau ake kira Mumbai.

Daga wannan unguwa, Bori Bunder, jirgin fasinja na farko a Indiya ya tashi ran 16 ga Afrilu, 1853, ya nufi garin Thane, tafiyar kilomita 34. Da harka ta bunƙasa, sai Turawan Ingila su ka ce a yi ginin da zai nuna isar su. Frederick William Stevens ne ya zana shi, aka soma aiki a 1878. A 1887, shekarar da Sarauniya Biktoriya ta cika shekara 50 a kan gado, aka raɗa masa suna Victoria Terminus. A bakin ƙofa aka girke zaki da damisa na dutse: zaki Ingila, damisa Indiya.

Amma fa mulki rawar 'yanmata ne, na gaba ya koma baya. Turawa su ka tafi a 1947. A 1996 aka sauya wa tashar suna zuwa na Chhatrapati Shivaji, sarkin Maratha, sannan a 2017 aka ƙara "Maharaj". Hukumar UNESCO kuwa ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2004.

Tashar na da dandamali 18: guda 7 na jiragen cikin gari da kewaye, 11 na masu dogon zango. Jiragen cikin gari su ne jakin talaka. Har tarago na mata zalla ake ware musu saboda cunkoso.

Tashar ta ga baƙin ciki. Daren 26 ga Nuwamba, 2008, 'yan bindiga biyu su ka buɗe wuta, su ka kashe mutum 58. Wani mai shela a tashar bai gudu ba. Ya riƙa faɗa wa fasinjoji ta lasifika hanyar da za su bi su tsira. Washegari jirage su ka ci gaba da aiki. A 2009 kuma fim ɗin *Slumdog Millionaire*, wanda aka ɗauki rawar sa ta ƙarshe a kan dandamalin tashar, ya cinye kyautar Oscar 8.

Ka ga ikon Allah: an gina ta don sarauniyar da ko sau ɗaya ba ta taka Indiya ba, ga shi ta zama ta leburori da ɗalibai da masu mafarkin zama taurari. In ka sake ganin ƙubbar nan a fim, sai ka dube ta da kyau.