Yadda D5 Ta Baro Amurka Ta Iso Kemis ɗin Isa

'Yar ƙwayar nan da samari ke kira D5 sunanta na asibiti diazepam, biyar ɗin kuma nauyin miligiram ne. Wani masanin haɗa magunguna, Leo Sternbach, ya ƙirƙiro ta a ɗakin binciken kamfanin Roche da ke jihar New Jersey. Yayarta Librium ta shiga kasuwa a 1960, ita kuma a 1963 da sunan Valium. Likitoci suka yi maraba da ita, don magungunan barcin da suka gabace ta da wuya a zarce ƙima mutum ya tashi. Daga 1969 zuwa 1982 babu maganin da aka fi rubutawa a Amurka kamarta.

Sai a hankali aka ga abin da ke ƙasa. Ƙwayar tana ƙara ƙarfin wani sinadari da ke lafar da ƙwaƙwalwa. Cikin 'yan makonni jiki ya saba, guda ba ta isa sai biyu. Ranar da aka yanke ta kwatsam, barci ya ƙaura, hannu ya ɗauki rawa, zufa ta karyo, wani ma har jijjiga irin ta farfaɗiya. Shi ya sa a 1988 hukumomin Ingila suka ce kada a wuce mako 2 zuwa 4 ana sha.

Doka ta biyo baya da jan ƙafa. An sa hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta magunguna masu taɓa ƙwaƙwalwa a Biyana a 1971, amma sai a 1984 aka shigar da diazepam da danginta. Najeriya ta kafa NDLEA a 1989, NAFDAC a 1993. Ƙa'idar a fili take: sai da takardar likita, sai a hannun ƙwararren mai harhaɗa magani. Lasisin mai kemis bai kai nan ba. Duk da haka binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum 481,000 na shan irin waɗannan magunguna ba da izinin likita ba.

To wace takarda za a nema a wurin mutumin Gatawa ko na ƙauyukan Isa? Dokar ta ɗauka akwai likita kusa. A gabashin Sakkwato, tun da 'yan bindiga suka matsa a 2019, dubban mutane sun tsallaka jihar Maraɗi, ma'aikatan lafiya da dama sun bar ƙauyuka. Matar da ta kwana a gona da goyo tana jin harbi, in ta ce wa mai kemis, “Malam, barci ya gagare ni,” ba shaye-shaye ya kawo ta ba. Shi kuma ya yago mata 'yan ƙwayoyi daga kati, babu mai gaya mata ranar dainawa. Wannan ya fi damuna a kan yaron da ke haɗa ta da tiramol, ko da yake nasa haɗarin ya fi gaggawa, don haɗin kan danne numfashi.

Hana ta baki ɗaya ba zai yiwu ba. Da ita ake tsayar da jijjigar yaro mai zazzaɓin cizon sauro, da ita ake sassauta jikin mai ciwon sarƙewar haƙora. Wanda ta riga ta kama kuwa, rage masa ake yi kaɗan-kaɗan tsawon makonni ƙarƙashin kulawar likita. Ƙwararrun wannan aiki suna asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, tafiyar sa'o'i daga Isa, a kan hanyar da direbobi ke shakkar bi in rana ta yi sanyi.