Dabinon da ke haihuwa sau biyu a shekara

 Duk azumi sai mu yi rububin dabinon Saudiyya a Sabo, mu manta da na gida. To, akwai abin da namu ya fi nasu.

A Aljeriya da Saudiyya dabino sau ɗaya yake haihuwa a shekara. A arewacin Najeriya kuwa akwai mai fure sau biyu, a girbe da rani, a sake girbewa da damina. Sai dai na damina yakan ruɓe kafin ya nuna saboda laima.

Ta hamada ya iso mana, cikin kayan fatake da guzurin alhazai. Katagum, garin Malam Zaki, tana kan hanyar Borno zuwa Kano, wadda Bature Clapperton ya bi a 1824. Matafiyi ya ci, ya yar da ƙwallo, ya tsiro.

Nan matsalar take. Dabino akwai namiji akwai mace, kuma ƙwallo ba ya gadon uwarsa. Baba ya shuka goma a bayan gidanmu na Azare, muka yi shekara bakwai muna ban ruwa, shida suka fito maza! Masu abin, irin na Dutse inda cibiyar NIFOR take da reshe, ɗan da ya tsiro a gindin uwa suke cirewa su dasa, su ɗaura furen namiji cikin na mace da hannu.

Maza biyu Baba ya bari, sauran ya sare.