Shaihu Umar a Kan Dandamali: Waye Ainihin Tauraron Wasan?

Yawancinmu mun karanta Shaihu Umar a makaranta, amma ba kowa ya san cewa labarin ya hau dandamali ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana malamin makaranta a Bauchi, don gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Dokta East, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Bayan rasuwarsa a 1966, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, mutumin ƙasar Tirinidad, suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Fim ɗin ya daɗe ba a jin ɗuriyarsa, sai a 2018 aka nuna shi a birnin Balin na Jamus bayan an gyara shi.

Abin da muke so mu duba shi ne zubin labarin, domin duk wanda ya ɗauko shi zai ɗora a dandamali sai ya yi karo da matsala guda tun daga fitowar farko. Labarin yana buɗewa ne da Shaihu Umar zaune a Rauta, tsoho, malami mai daraja, almajirai kewaye da shi suna tambayar asalinsa. To, mai kallo ya riga ya gan shi da rai da lafiya da girma. Duk abin da zai same shi daga baya, ko sata ce ko bauta ko hamada, ba wanda gabansa zai faɗi, tunda an san ya tsira. A littafi wannan ba laifi ba ne, muryar tsohon ce ke jan mai karatu. A wasa kuwa, inda ake so ɗan kallo ya ƙagara ya ga abin da zai biyo baya, an kashe rabin zumuɗin tun ba a je ko'ina ba.

Sannan Umar ɗin kansa ba ya aikata komai. Yaro ne da ake ɗauka ana ajiyewa. Ɓarawo ya sace shi, kura ta cinye ɓarawon, wasu suka tsince shi, mahara suka kai shi Kano, Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi Ber Kufa, ya yi karatu ya zama malami. Ba inda ya tsaya tsakanin zaɓi biyu ya zaɓi ɗaya. Wasan kwaikwayo kuwa da mai nufi yake tafiya, wanda yake son wani abu, wani kuma ya tare masa hanya.

A ganinmu, mutum biyu ne ke da wannan nufin. Na farko Makau, mijin uwar Umar. Kashin fadar Kagara shi ne ya fi kowane kashi zama wasa na sosai: ga bafaden da sarki ke so, ga fadawa masu hassada, an dawo daga hari sun yi masa sharrin ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, ga sarki da zai yanke hukunci a bainar jama'a. Kowa na da abin da yake nema, kowa na magana, kuma kafin a tashi rayuwar gida guda ta juye. Akwai kuma wani abu da ba kasafai ake lura da shi ba. Makau da muke tausayawa mahari ne, 'ya'yan wasu ya je ya kamo. Abin da ya yi wa waɗansu gidaje shi ne ya faɗa wa gidansa, kuma marubucin bai tsaya yin wa'azi a kai ba, ya bar mai hankali ya gani. Sai dai ƙullin da aka yi a Kagara ba a komawa a warware shi. Ba mu ga ranar da asirin fadawan ya tonu ba. Wanda ya saba da wasanni irin su Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, inda mai kuskure ke girbar abin da ya shuka a gaban 'yan kallo, zai ji kamar an bar shi a hanya.

Ta biyu, wadda muke ganin ita ce tauraruwar wasan, uwar Umar ce. Ita ce ta yanke shawara da kanta, ta bar zaman aure da kwanciyar hankali ta bi sawun ɗanta. Ita aka yaudara, aka tsallaka hamada da ita zuwa Murzuk, aka sayar da ita, ta ƙare a Tarabulus cikin bauta. Kuma ita kaɗai ce ba mu san ƙarshenta ba tun farko, domin ba ta cikin zauren Rauta. Duk fargabar da aka ɗauke daga kan Umar, kanta ta koma. Shi ya sa ƙololuwar wasan ba naɗin Umar limami ba ne, haɗuwarsu ce a Tarabulus, inda ta ga ɗanta ya girma ya zama malami, ba da daɗewa ba ta cika. Mu da ke zaune nesa da gida, da iyaye mata a Arewa suna jiran kiran waya, ba sai an yi mana bayanin wannan fitowar ba.

Abin da ya biyo baya, wato guguwar da ta halaka ayari da isowar Umar ƙasar Bauchi, saukowa ce kawai, kuma gara a taƙaita ta. Da matasanmu za su shirya wasan, shawararmu ita ce a bar kura da guguwa a bakin Shaihu ya ba almajirai labari, tunda dandamali ba ya ɗaukarsu ba tare da an ba mutane dariya ba. Lokacin da aka rage a ƙara wa fadar Kagara da tafiyar uwar, kuma a ba matsayin nata ga wadda ta fi kowa iya wasa a cikinsu.