Zagaya Istanbul da dattawa a lokacin zafi: wuraren da suka dace, lokutan fita da matakan kariya

Watannin Yuni, Yuli da Agusta su ne lokacin da birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya ya fi cika da baƙi, kuma a cikinsu ne dogon hutun makarantu ke bai wa iyalai da dama damar tafiya da iyayensu, ko don ganin likita, ko don saro kaya, ko don buɗe ido kawai. Birnin da kakanninmu ke kira Santambul ba baƙo ba ne a tarihin wannan yanki, domin tun a shekarun 1570 Mai Idris Alauma na Borno ya aika jakadu zuwa fadar Sarki Murad III.

Sai dai tsarin zagayen da kamfanonin yawon buɗe ido suka saba yi, na wurare biyar ko shida a yini guda, an yi shi ne don masu jini a jika. Dattijo mai ciwon gwiwa, hawan jini ko ciwon suga na iya ganin muhimman wuraren birnin lafiya lau, matuƙar an tsara masa tafiyar a kan ƙa'ida ɗaya: babban wuri guda da safe, hutu da rana, sannan ɗan yawo marar wahala da yamma.

Me ya sa zafin Istanbul ke yaudarar baƙi?

Wanda ya saba da zafin Sakkwato ko Maiduguri na watan Afrilu zai raina alƙaluman Istanbul, inda zafin rana a Yuli da Agusta kan tsaya wajen maki 28 zuwa 30 a ma'aunin Salsiyas, ko da yake akwai ranakun da yake haura haka nesa ba kusa ba. Bambancin yana cikin iska. Teku ya kewaye birnin, iskarsa na ɗauke da danshi mai yawa, don haka gumi ba ya saurin bushewa, alhali bushewar gumi ce ke sanyaya jiki.

Jikin tsoho kuma ba ya fitar da gumi kamar na matashi, sannan ƙishirwa ba ta saurin damunsa ko da ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Wasu magungunan hawan jini da na zuciya, musamman masu sa yawan fitsari, suna ƙara wannan haɗari.

Ga kuma tsawon yini. A ƙarshen Yuni rana kan fito wajen ƙarfe 5:30 na safe, ba ta faɗuwa sai bayan 8:30 na dare, sallar isha'i kuwa kan kai wajen 10:30. Wanda ya jira isha'i, ya tashi asuba, barcinsa na dare ba zai wuce 'yan sa'o'i ba. Shi ya sa ƙailula ta zama dole a cikin tsarin tafiyar. Agogon Turkiyya yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa biyu, abin da ya kamata masu shan magani a kan ƙayyadadden lokaci su tattauna da likita kafin tashi.

Abu na ƙarshe shi ne yanayin ƙasa. An gina tsohon birnin a kan tuddai bakwai, kuma tituna da yawa shimfiɗe suke da ƙananan duwatsu masu tudu da kwari, waɗanda ke kama sanda da tayar keken guragu.

Shiri kafin tashi

Tafiya kai tsaye daga Abuja ko Legas tana cin sama da awa shida. Filin jirgin saman Istanbul, wanda aka buɗe a 2018, yana da girman da tafiya daga ƙofar jirgi zuwa wurin duba fasfo kaɗai ke iya gajiyar da mai rauni. Kamfanonin jirage na samar da keken guragu da mai turawa kyauta, amma a nema tun lokacin sayen tikiti, ko aƙalla awa 48 kafin tashi. Ba sai wanda ba ya iya tafiya ne ke da wannan haƙƙi ba. Duk wanda doguwar tafiya ke wahalar da shi zai iya nema.

Magunguna su kasance a jakar hannu, cikin kwalayensu na asali, tare da takardar likita. Masu amfani da allurar insulin su tanadi 'yar jakar sanyaya ta, domin zafi na rage mata ƙarfi. A kuma duba ko inshorar tafiya ta haɗa da cututtukan da mutum ke da su tun kafin ya tashi.

Wajen zaɓen masauki, a yi tambayoyi uku: akwai lifta, akwai na'urar sanyaya ɗaki, kuma tafiyar minti nawa ce zuwa tashar jirgin lantarki? Ƙananan otal-otal da yawa a unguwar Sultanahmet tsofaffin gidaje ne da aka gyara, wasu ba su da lifta, wasu kuma suna gangaren da ke sauka zuwa teku, ta yadda kowace fita hawan tudu ce.

Abin hawa

Jirgin lantarki mai bin kan titi, layin T1, shi ne ya fi yi wa dattijo amfani. Ƙofarsa daidai take da dandamalin tasha, ba a hawa matakala, kuma yana ratsa Eminonu, Sirkeci, Gulhane, Sultanahmet, Beyazit da Laleli, unguwar da 'yan kasuwarmu ke saro tufafi. Ana biya ne da katin Istanbulkart, wanda ke aiki a jirgin ƙasa, bas da jiragen fito. Jirgin kan cika maƙil a lokacin zuwa aiki da tashi, don haka a guje masa a waɗannan sa'o'i, a kuma kula da aljihu.

Tasi na da amfani wajen hawa tudu, sai dai a tabbatar direba ya kunna mita, a kuma sani cewa an hana motoci shiga wasu sassan Sultanahmet.

Dandalin Sultanahmet da masallatai biyu

Nan ne ya fi dacewa a fara, domin fili ne shimfiɗaɗɗe mai kujerun zama, kuma manyan gine-ginen suna kallon juna. A da can filin tseren keken doki ne na Rumawa, har yanzu kuma dogon dutsen nan da aka ɗauko daga Masar aka kafa a shekarar 390 yana tsaye a wurin.

Masallacin Sultan Ahmed, wanda aka fara ginawa a 1609, ya shahara da hasumiyoyinsa shida da tayil fiye da 20,000 da suka ƙawata bangonsa. Shiga kyauta ne. Ana dakatar da masu kallo a lokutan salla da safiyar Juma'a. Tun da za a cire takalmi a ƙofa, a sa wa dattijo wanda ba shi da igiya. Wanda ke salla a zaune ya riƙe 'yar kujerarsa ta naɗewa, domin ba kowane masallaci ake samun kujera ba. Za ta kuma yi masa rana a kan layi.

Ayasofiya kuwa, an kammala gininta a 537 a matsayin coci, ta koma masallaci bayan Sarki Muhammad Alfatih ya ci birnin a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a shekarun 1930, sannan ta sake zama masallaci a 2020. Daga Janairun 2024 aka sanya wa baƙi masu kallo kuɗin shiga Yuro 25, kuma benen sama ake kai su, ta wata hanyar dutse mai hawa wadda ke wahalar da mai ciwon gwiwa. Masu salla suna da tasu ƙofar daban zuwa ƙasan masallacin. Layin shiga yana tsawo a fili cikin rana, don haka a isa da zarar an buɗe.

A kusa akwai tsohon rumbun ruwa na ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 336, wanda aka gina a ƙarni na shida. Wurin na da sanyi mai daɗi, amma matakalarsa taki 52 ce, haske kaɗan ne, ga danshi. Mai raunin gani ya riƙe hannun wani, ko ya haƙura.

Fadar Topkapi

Wannan fada ita ce mazaunin sarakunan Daular Usmaniyya na kusan shekara 400, kuma ita kaɗai ta ishi safiya guda. A rufe take ranar Talata. Farfajiyoyinta huɗu ne a jere, kowace da tazara. A shiga ta babbar ƙofar da ke bayan Ayasofiya, domin hanyar da ta taso daga Gulhane hawa ce.

Abin da ya fi jan hankalin dattawanmu yana farfajiya ta uku: ɗakunan amanoni masu alfarma, inda aka adana alkyabba, tuta da takubban da ake jingina wa Manzon Allah (SAW) da sahabbansa. An fara tara su a Istanbul ne bayan Sarki Salim I ya ci Masar a 1517, kuma ana karatun Alƙur'ani a wurin ba dare ba rana. Dabara ita ce a wuce can kai tsaye kafin ayarin baƙi su iso, sauran sassan kuma a duba su a hanyar dawowa gwargwadon ƙarfi. Sashen matan fada yana da lunguna matsattsu da daɓen duwatsu, ana iya barin sa. Daga nan sai a gangara lambun Gulhane, a huta a inuwar manyan bishiyoyinsa.

Eyup Sultan da Sulaimaniyya

A unguwar Eyup ne kabarin Sahabi Abu Ayyub Al-Ansari yake, wanda ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa lokacin hijira zuwa Madina. Jirgin lantarki na layin T5 yana zuwa can daga Eminonu, yana bin gaɓar ruwa. Harabar masallacin shimfiɗaɗɗiya ce mai inuwa, amma tana cika ranar Juma'a da ƙarshen mako. Mai son kallon birni daga sama ya hau 'yar motar da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe zuwa tudun Piyer Loti, tafiyar 'yan mintoci ce, maimakon bin hanyar ƙafa ta cikin maƙabarta.

Masallacin Sulaimaniyya, wanda shahararren magini Sinan ya gina tsakanin 1550 da 1557, yana kan tudu. A hau tasi har ƙofa. Da an isa, harabarsa fili ce mai iska, cunkoso kuma bai kai na Sultanahmet ba.

Yamma a kan ruwa

Hanya mafi sauƙi ta ganin Istanbul ita ce a zaune cikin jirgin ruwa. Mashigin Bosforos, mai tsawon kusan kilomita 30, shi ya raba ɓangaren Turai da na Asiya. Jiragen Sehir Hatlari na hukumar birni suna da gajeren zagaye na kusan awa biyu daga Eminonu, inda ake wuce fadoji da gadoji da tsofaffin ganuwoyi. Jirgin fito na yau da kullum zuwa Uskudar ko Kadikoy bai wuce rabin awa ba, ana kuma sayar da shayi a ciki. Wurin taka tsantsan shi ne hawa da sauka: a bari jama'a su wuce, sannan a kama wa dattijo hannu.

Kasuwanni

Babbar rufaffiyar kasuwa tana da tituna fiye da 60 da dubban shaguna, ba ta ci ranar Lahadi, kuma ɓata a cikinta abu ne mai sauƙi. Kasuwar Masar da ke Eminonu, ta kayan ƙamshi da busassun 'ya'yan itace, ta fi ƙanƙanta, ana iya zagaye ta cikin rabin awa. Hasumiyar Galata da titin Istiklal kuwa sun haɗa tudu da cunkoso, ba laifi idan an tsallake su.

Alamomin da ba a wasa da su

A riƙa bai wa dattijo ruwa a kai a kai ba tare da jiran ya nema ba, sai dai idan likita ya ƙayyade masa saboda ciwon ƙoda ko zuciya. Ayran, wato kindirmo da aka sirka da ruwa da ɗan gishiri, ana samun sa ko'ina, amma mai hawan jini ya yi lissafin gishirin. Wasu tsofaffi kan ƙi shan ruwa don gudun neman makewayi. Akwai makewayi kusa da manyan masallatai, kuma kalmar Bay ko Erkek na nufin na maza, Bayan ko Kadin na mata.

Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, kasala da ɗaurewar tsoka alamu ne na galabaita. A kai mutum inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa masa wuya da hammata, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan kuwa ya fara sambatu, ko ya rikice, ko jikinsa ya yi zafi rau, ko ya suma, a kira lambar gaggawa 112 nan take, a ci gaba da sanyaya shi kafin motar asibiti ta iso, kuma kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa. Kantunan magani suna da alamar harafin E ja, kuma akwai masu aikin dare bisa karɓa-karɓa.

Yana da kyau kowane dattijo ya riƙe katin otal da lambar wayar ɗan rakiyarsa a aljihu.

Kwana biyar sun isa: ranar isowa ta hutu ce zalla, ta biyu Sultanahmet, ta uku Topkapi, ta huɗu Eyup da jirgin ruwa, ta biyar Sulaimaniyya da tsaraba. A daidaita jerin da ranakun Talata, Juma'a da Lahadi, a koma masauki tsakanin azahar da la'asar, kuma duk ranar da dattijo ya ce ya gaji, a soke fitar yamma.